SANDA DA DUKIYAR DA KE CIKIN ƘASA

Karatu: Ayuba sura 28, Matta 13:44

Allah ya ɓoye abubuwa masu tamani a ƙarƙashin ƙasarmu. A shekara ta 1928 masu haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok suka tono wani ɗan kai na yumɓu. Wajen 1943 aka sami wani a Jama'a, kusa da Kafanchan, har wani ya kafa shi a gonar doya domin korar tsuntsaye, kafin Bernard Fagg ya gane darajarsa. Waɗannan siffofi sun fi shekara 2,000. A ƙasar Gwantu kuma an haƙo zumurrudu da waɗansu duwatsu masu daraja. Saboda haka wanda ya ce akwai dukiya a ƙasa bai yi ƙarya ba. Tambayarmu ita ce, ta wace hanya ya halatta mai bi ya neme ta?

1. Abin da masu sanda ke faɗi

Akwai mutanen da suke cewa suna iya gane inda zinariya ko ruwa yake. Wani yakan riƙe reshe mai baki biyu, wani ƙarafa biyu lanƙwasassu, wani zobe a rataye da zare. Yana cikin tafiya sai sandan ya sunkuya, ya ce, a haƙa nan. Al'adar tsohuwa ce. A 1556 wani masani a Jamus, Agricola, ya kwatanta yadda masu haƙar ma'adinai suke yi da reshe, ya kuwa shawarci mai hankali ya rabu da shi, ya lura da alamun ƙasa. A wurinmu akan haɗa abin da duba, da zancen aljanu masu gadin tukunyar kuɗi, da yankan zakara.

Da yawa cikin masu sanda ba maƙaryata ba ne. Suna jin sandan yana motsi da gaske, suna kuma iya nuna rijiyar da aka haƙa bisa ga maganarsu.

2. Abin da masu shakka ke faɗi

Masu shakka sun ce, a gwada. An kuwa gwada. A 1987 da 1988, a birnin Munik na Jamus, aka tara masu sanda wajen 500, aka zaɓi 43 mafi gwaninta. Aka sa bututun ruwa a ƙasan wani bene, ana gusar da shi, su kuma suna sama suna nuna inda yake. Aka yi gwaji sau 843. Waɗanda suka shirya aikin suka ce 'yan kaɗan sun nuna wata baiwa. Amma da wani masani, Jim Enright, ya sake bin lissafin, sai ya nuna abin bai wuce dace ba: wanda ya yi daidai a wannan zagaye, a na gaba sai ya kuskure.

To, me ke motsa sandan? Tun 1852 likita William Carpenter na Ingila ya bayyana cewa tunanin mutum yana motsa hannunsa kaɗan kaɗan ba da saninsa ba, reshen da aka riƙe a tanƙware kuwa ƙanƙanen motsi ya isa ya juya shi. Game da rijiya, a ƙasa mai yawan ruwan sama kamar tamu, wurare da yawa in aka zurfafa za a tarar da ruwa. Mukan tuna da rijiyar da ta ba da ruwa, mu manta da ramummuka busassu.

Wannan ruɗi ya taɓa cin rayuka. A 2013 kotu a Ingila ta ɗaure James McCormick shekara 10 domin ya sayar wa Iraki da waɗansu ƙasashe wata na'ura da ya ce tana gano bam, alhali sandan duba ne kawai cikin sabuwar riga.

3. Ina mai bi zai tsaya?

Waɗansu 'yan'uwa suna jin kunyar tsayawa tare da masu shakka, suna tsammani neman gwaji rashin bangaskiya ne. Ba haka ba ne. Bangaskiyarmu ta Allah ce, ba mu yi wa sanda alkawarinta ba. Bulus ya umarci Tasalonikawa su gwada kome, su riƙe mai kyau (1 Tasalonikawa 5:21). Misalai 14:15 ta lissafta mai gaskata kowace magana cikin marasa wayo. Mai tambaya, sau nawa sandan ya kuskure, bai yi zunubi ba.

Mu duba hanya biyu. Idan sandan ba shi da iko, mai karɓar kuɗi a kansa yana sayar da iska, ko da bai sani ba, kuma gwauruwar da ta sayar da akuyarta domin ta biya shi an zalunce ta. Idan kuwa an ce wani ruhu ne ke bi da shi, to Kubawar Shari'a 18:10-12 ta haramta, Ubangiji kuma ya tsauta wa Isra'ila ta bakin Hosiya domin suna neman shawara wurin itace da sanda (Hosiya 4:12). Ta kowace hanya, babu rabon mai bi a ciki. Kada kuma mu yi saurin ba Shaiɗan girman da ba nasa ba, mu ce ikonsa ne, alhali hannun mutum ne ya karkata.

Wani zai ce, Musa fa? Ai da sanda ya fitar da ruwa daga dutse. Gaskiya ne, amma Musa bai tambayi sandan kome ba. Allah ne ya nuna wurin, ya ba da umarni (Fitowa 17). Ran da Musa ya bugi dutsen, alhali an ce ya yi masa magana, aka hana shi shiga ƙasar alkawari (Littafin Lissafi 20).

4. Hanyar da ta dace

Ayuba 28 ta nuna mai haƙa yana fasa dutse, yana bin duhu da wahala, yana fito da abin da ke ɓoye. Ba a zarge shi ba. Nema ta wurin aiki da ilimi halal ne, muddin an kiyaye haƙƙin mai gona da dokar ƙasa, gama a Nijeriya ma'adinai na hannun Gwamnatin Tarayya, kayan tarihi kuwa ba a fita da su sai da izini. A shekarun 1990 masu gaggawa suka birkice wuraren Nok da yawa, suka farfasa siffofi, aka kwashe sauran zuwa Turai. Ramummuka suka rage mana, labarin kakanni kuwa ya salwanta.

Abin da ke kai mutum wurin mai sanda, yawanci son arziki ne ba tare da gumi ba. Bulus ya gargaɗi Timoti cewa masu marmarin arziki sukan fāɗa cikin tarko (1 Timoti 6:9). Ayuba ya ce mutum ya san hanyar zinariya, amma hikima Allah kaɗai ya san wurinta, ita ce kuwa tsoron Ubangiji. Mutumin nan na Matta 13:44 ya sayar da dukan mallakarsa da murna domin dukiyar tabbatacciya ce, ya gan ta da idonsa kafin ya biya.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wane bambanci ke tsakanin shakkar maganar mutum da shakkar Allah?
2. Idan ikkilisiya za ta haƙa rijiya, wani dattijo ya ce a kira mai sanda, yaya za mu amsa masa cikin ladabi?
3. Idan ɗayanmu ya tono tsohuwar siffa a gonarsa, me ya kamata ya yi?