AN YAFE MAKA DIYYA, SAURA KAFFARA: NASIHA GA DIREBOBI DA FASINJOJI



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan uwa, kwanakin baya bayan sallar La'asar wani bawan Allah ya tsaya har masallaci ya watse, sannan ya matso kusa da ni. Direban haya ne, yana lodi tsakanin ƙauyukanmu da birni. Ya ce: "Malam, watanni huɗu da suka wuce na buge yaro a bakin wani gari, ya rasu. Iyayensa mutanen kirki ne, suka ce ƙaddara ce, sun yafe, ko kuɗin likkafani ba su karɓa ba. Amma har yau ba na iya barci. Akwai abin da ya rage a kaina?"

Na ce masa, gudun nawa kake yi a lokacin? Ya yi shiru. Na ce burkinka lafiyarsa ƙalau? Ya ce tun a makon ya so ya kai wa bakanike, kuɗi ne ba su haɗu ba. Na ce to ɗan uwa, iyayen yaro sun yafe haƙƙinsu, Allah Ya saka musu da alheri. Amma akwai haƙƙin da ba nasu ba ne, balle su yafe maka shi. Azumin wata biyu a jere yana kanka.

Wallahi sai ya zauna daɓas. Shekara goma sha yana tuƙi, bai taɓa jin wannan hukunci ba. Na san kuma ba shi kaɗai ba ne. Shi ya sa na ga ya kamata in yi wannan rubutu.

HUKUNCIN KISAN KUSKURE

A cikin Suratun Nisa'i, aya ta 92, Allah Ya ɗora abu biyu a kan wanda ya kashe mumini bisa kuskure. Na farko diyya, wadda ake miƙa wa magada. Asalinta raƙuma 100 ne, ko dinare 1,000 ga mutanen da zinare ne dukiyarsu, wato abin da ya haura kilo huɗu na zinare. Dangin mai laifin ta wajen uba, waɗanda ake kira aƙila, su ke haɗa ta cikin shekara uku. Wannan haƙƙin magada ne, suna da ikon yafewa. Na biyu kaffara: 'yanta baiwa ko bawa mumini, wanda bai samu ba ya yi azumin wata biyu a jere. Wannan haƙƙin Allah ne. Ko mai gari da liman da dattawan unguwa duk sun taru sun ce an yafe, tana nan daram. Kuma a wajen mafi yawan malamai, kowane rai da kaffararsa. Wanda ya yi sanadin mutuwar mutum biyar da gangancinsa, sai ya lissafa da kansa.

Wani zai ce ai a zamanin da ayar ta sauka babu mota. Gaskiya ne. Amma malamanmu na fiƙihu tun da can sun yi bayanin mahayin dabba da mai jan ta da mai kora ta, da abin da ke kansu idan ta taka mutum. A zamaninmu kuma, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a ƙasar Burunai a watan Muharram 1414, daidai da Yuni 1993, ta duba mas'alar haɗurran mota. Abin da ta tsayar shi ne: bin dokokin hanya da ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, domin yana cikin biyayya ga shugabanni a abin da ya shafi maslahar jama'a. Kuma direba yana ɗaukar alhakin ɓarnar da ya jawo, sai dai idan abin ya fi ƙarfinsa ta yadda ba shi da hanyar kauce masa, ko wanda aka buge ɗin shi ya jawo, ko laifin wani ne daban.

Ka ga kenan ba kowane haɗari ne ke ɗora wa direba kaffara ba. Amma wanda ya san tayarsa ta suɗe, ya san burkinsa na wasa, ya ɗauki mutum goma a motar mutum biyar, ko ya yi aron hannu a kan kwana, wannan kada ya yaudari kansa.

"AI ƘADDARA CE"

Na'am, ƙaddara ce. Babu abin da ke faruwa a sama ko a ƙasa sai da sanin Allah da ikonSa, wannan rukuni ne na imani. Amma mu duba yadda sahabbai suka fahimce ta. Sayyidina Umar (RA) ya kama hanyar Sham, ya kai wani wuri da ake kira Sargu, sai aka sanar da shi annoba ta ɓarke a can. Ya yi shawara, ya yanke a koma Madina. Abu Ubaida (RA) ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Umar ya nuna masa cewa komawar ma ƙaddarar Allah ce, ya buga masa misali da makiyayin da ya tarar da kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kai raƙumansa da ƙaddara ya kai su, amma mai hankali ya san inda zai nufa. Ƙissar tana cikin Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim.

Mu nan manoma ne, mun fi kowa sanin wannan. Akwai wanda ke barin gonarsa ba noma ba taki, ya ce idan an ƙaddara gero zai yi? Akwai wanda ke sakin awakinsa da damina ya ce idan ba a ƙaddara ba, ba za su ci shukar maƙwabci ba? Ai ɗaure su muke yi a turke, mu yanko musu ciyawa. A gona mun san sababi. Sai mun hau titi ne kawai muke zama manyan masu tawakkali.

Ƙaddara magana ce da ake lallashin wanda aka yi wa rashi da ita. Mai riƙe da sitiyari ba shi da hurumin fakewa da ita tun kafin ya tada mota.

ABIN DA IDONMU YA GANI

Mutanen wannan yanki ba sa buƙatar a kawo musu labari daga nesa. Ranar 30 ga Nuwamba 2021, kwale-kwale ya taso daga Badau a kan ruwan Watari, a ƙaramar hukumar Bagwai, maƙare da mutane fiye da abin da zai iya ɗauka. Ya kife. Kusan rai talatin suka tafi, akasarinsu yara 'yan Islamiyya. A watan Oktoba 2024 kuma, a Majiya ta jihar Jigawa, tankar mai ta faɗi, jama'a suka yi dafifi suna kwasar fetur, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyalansu haƙuri. Ba na kawo su don in zargi mamata ba. Talauci da rashin hanya da rashin wata motar suna tura mutum inda bai so. Na kawo su ne don masu rai.

Ka tsaya a hanyar Dambatta ranar Lahadi da yamma, lokacin da kasuwa ke watsewa. Za ka ga akori-kura an loda shanu, a saman shanun an gicciya katako, a saman katakon mutane ne ke reto. Za ka ga Golf mutum biyu a kujerar gaba, wani kuma ya raba kujera da direba, but a buɗe da yara a ciki. Za ka ga babur ɗauke da miji da mata da goyo da yara biyu da buhu. Haka abin yake a hanyar Bichi zuwa Tsanyawa. Ƙasarmu kuwa ba daji ba ce. Gari na bin gari, gona na bin gona. Kowane ɗan taƙi akwai makaranta, ko rijiya, ko 'yan talla, ko amalanke da ba ta da fitila.

Ga ɗan lissafi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Idan ka sunkuya ka duba waya na daƙiƙa uku, ka yi tafiyar sama da mita 80 ido rufe, kusan tsawon filin ƙwallo. Kuma idan ka ninka gudu sau biyu, nisan da burki ke buƙata kafin mota ta tsaya yana ninkuwa sau huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum sama da miliyan ɗaya ke mutuwa a kan titi duk shekara, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. 'Ya'yanmu da ƙannenmu kenan.

RA'AYINA A KAN DOKOKIN GWAMNATI

A nan ra'ayina zan faɗa, wanda ya ga saɓanin haka ƙofar gyara a buɗe take.

Manyanmu za su tuna Janairun 2009, lokacin da aka tilasta sa hular kwano. A Kano har ƙwarya wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifawa a ka, jita-jita kuma ta bazu wai ana tsafi da hular. Muka yi dariya, doka ta bi ruwa. Tun daga lokacin kawuna nawa suka fashe a kan kwalta? Ni a wajena hular kwano, da ɗaura bel, da hana obalodi, da na'urar taƙaita gudu da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta wa motocin haya a 2017, da rigar kariya a jirgin ruwa, duk suna hidima ne ga ɗaya daga cikin manyan manufofin shari'a, wato kare rai. Wanda ya bi su da wannan niyya ina sa ran yana da lada. Ba ruwanka da ko kana son wanda ke kan mulki ko ba ka sonsa. Kanka ne, ba kan gwamna ba.

Amma ita ma hukuma sai ta ji gaskiya. Dokar da ta koma hanyar neman na goro ta rasa albarka. Idan mota mai mutum goma sha biyu za ta wuce shinge don direba ya dunƙula hannu ya miƙa, to jami'in da ya karɓa ya sani yana da kaso a cikin abin da zai faru a gaba. Idan ana kama talaka a kan gudu, amma mai jiniya ya ture kowa ya wuce, mutane ba za su girmama doka ba. Bin mota da gudu a cikin jama'a don a kama direba shi kansa ganganci ne. Ramin da ya shekara a tsakiyar titi, da makarantar bakin hanya da ba ta da alama, da asibitin karkara da ba shi da motar ɗaukar marasa lafiya, duk amana ce da za a tambayi wani a kanta ranar gobe. Kuma kafin a hana mutane shiga kwale-kwale ko hawa saman kaya, a tambaya wace hanya aka tanadar musu.

Sai dai laifin jami'i ba ya wanke direba. Kowa da littafinsa.

MU MA DA NAMU

Kada direbobi su ce Malam ya sa mu gaba. Ni kaina na sha shiga motar da na san ta yi nauyi, na yi shiru don ina sauri. Akwai ranar da na makara zuwa ɗaurin aure, na ce wa direba ya ɗan taka. Da wani abu ya faru, me zan ce wa Allah? Ina neman gafararSa.

Mu fasinjoji mu ne ke yi wa mai tafiya a hankali tsiya, mu ce da jaki muka hau da mun isa. Mu ne ke shanya dawa da barkono a kan kwalta da kaka, mu jera duwatsu, mai babur ya zo da dare ya yi karo. Mu ne ke ba yaro ɗan shekara goma sha biyu makullin babur, muna alfahari wai ya iya. Mu ne ke kallon samari suna wasa da mota a rakiyar amarya, muna tafi. Wani lokaci mu ne ke tare hanya don taro ko wa'azi ba tare da tsari ba, alhali Annabi (SAW) ya karantar da mu cewa hanya tana da haƙƙi, kuma kawar da abin cutarwa daga kanta reshe ne na imani.

Don haka ina roƙon abu kaɗan. Direba, ka duba taya da burki da fitila kafin ka yi lodi, idan barci ya zo ka faka, ka nisanci ƙwayoyin da ake sha wai don ƙarin ƙarfi. Ribar kujera ɗaya ba ta kai azumin wata biyu ba, balle rai. Fasinja, ka yi magana da ladabi, idan bai ji ba ka sauka. Shugabannin tasha da 'yan kamasho, motar da ta fita daga hannunku da obalodi da saninku ta fita. 'Yan uwana limamai, mu sa babin diyya da kaffara a cikin huɗuba da karatun tsakanin Magariba da Isha. Wanda kuma ya san akwai rai a wuyansa, ya je wajen malami masani ya faɗi yadda abin ya faru ba ragi ba ƙari, a ba shi hukuncinsa.

Shi wancan bawan Allah da na ba ku labarinsa ya fara azuminsa. Ya kai motar an gyara burki. Jiya na gan shi a sahun farko, ya rame, amma ya ce da ni yanzu yana samun barci. Ku sa shi a addu'a, Allah Ya ba shi ikon kammalawa, Ya karɓa.

Allah Ya tsare mu daga ɗaukar alhakin rai, Ya kai matafiyanmu gida lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya shiryi shugabanninmu zuwa ga riƙon amana.

Wallahu a'alam.