Nasiha ga Al'umma kan Nishaɗi da Dogon Hutun Damina

A kowace shekara, daga ƙarshen watan Yuli zuwa cikin watan Satumba, makarantun boko na arewacin Nijeriya suna rufewa domin dogon hutu, wato hutun ƙarshen shekarar karatu, wanda yakan faɗo a tsakiyar damina, lokacin da marka take tsare mutane a ɗaki, aikin gona kuma yake bukatar hannu. Makonni ne da yara da matasa suke samun sararin da ba su da irinsa a sauran watanni, kuma abin da suka cika wannan sarari da shi yana shiga cikin tarbiyyarsu kamar yadda darasin aji yake shiga. Saboda haka ya wajaba al'umma ta tsaya ta dubi yadda 'ya'yanta suke shaƙatawa, domin nishaɗi ya tashi daga dandali da tsakar gida ya koma cikin wayar hannu, inda idon manya ba ya kaiwa, kuma babu mai cewa dare ya yi a tashi.

Nishaɗi a karan kansa ba abin zargi ba ne, domin zuciyar ɗan Adam tana gajiya, kuma wanda aka hana shi hutu na halal yakan nemi wani ta ɓarauniyar hanya. Malaman hadisi sun ruwaito yadda Habashawa suka yi wasa da masu a masallacin Madina ranar idi, Nana A'isha tana kallo da yardar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Abin da ake bukatar dubawa shi ne irin wasan da ake yi, da wurin da ake yin sa, da tsawon lokacin da yake ci.

Al'adar Bahaushe ta daɗe da tsara wannan al'amari. Bayan cin tuwon dare, kaka ko uwa takan tara yara ta yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, a biyo da kacici-kacici da karin magana, waɗanda suke wasa ƙwaƙwalwa suna kuma gyara harshe. 'Yan mata suna gaɗa a dandali da farin wata, yara maza suna langa, wadda ake yi a kan ƙafa ɗaya, manya kuma suna dara a gindin bishiya. Kokawa da dambe da kalankuwa, wato bikin samari da 'yan mata na murnar amfanin gona, suna jiran kaka, tashe kuwa yana jiran azumi ya kwana goma. Waɗannan wasanni sun haɗu a kan siffofi uku: yaro shi ne mai yi da jikinsa da bakinsa, ana yin su a bainar jama'a inda kowane babba yake da ikon tsawatarwa, sannan kowanne yana da lokacinsa, har ma an kafa camfi a kan yin tatsuniya da rana domin kada wasa ya ci lokacin aiki.

Sauyi ya zo sannu a hankali. An buɗe gidan sinima na Rex a Kano a 1937, daga baya finafinan Indiya suka sami karɓuwa mai yawa, sannan talabijin ya shigo da wasannin kwaikwayo irin na Samanja Mazan Fama da Karkuzu, waɗanda unguwa guda takan taru ta kalla a gidan da yake da akwati. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset, wanda ake lissafa shi a matsayin mafarin masana'antar finafinan Hausa ta Kannywood. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, kuma finafinai masu dogon zango, wato waɗanda ake sakin su kashi-kashi kowane mako, irin su Daɗin Kowa da Labarina da Izzar So, sun sami masu kallo daga Yamai zuwa Kumasi. Wannan masana'anta ta samar wa ɗimbin matasa abin yi, ta kuma kai harshen Hausa wuraren da littafi bai kai ba, kuma adalci ne a faɗi haka. Sai dai da kowane mataki da'irar masu kallo tana ƙara tsukewa, daga taron sinima zuwa falon gida, daga falo zuwa tafin hannun yaro guda da ya kulle ɗaki.

A nan ne babbar matsalar take, kuma ya kamata iyaye su fahimci yadda take aiki. Manhajoji irin su TikTok da YouTube da Facebook suna samun kuɗin shiga ne daga tallace-tallace, don haka an gina su ta yadda za su riƙe mai kallo gwargwadon iko. Manhajar tana lura da bidiyon da mutum ya daɗe a kansa, sai ta riƙa kawo masa irinsa ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya nema ba, ta yadda yaron da ya tsaya sau ɗaya a kan rawar banza ko zage-zage zai wayi gari an cika masa waya da su. Tatsuniya tana da ƙarshe, fim ɗin kaset ma yana da ƙarshe, amma wannan jeri ba ya ƙarewa sai caji ko data ta ƙare. Sakamakonsa shi ne raba dare ana kallo, da makara sallar asuba, da raunin haƙurin karanta shafi guda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba a gaban waya ko talabijin, kuma daga shekara 2 zuwa 4 kada kallon ya wuce awa 1 a rana, alhali a gidaje da yawa waya ta zama abin rarrashin jariri.

Gidajen kallon ƙwallo ma suna bukatar a dube su. Gasar Firimiya ta Ingila tana farawa ne a watan Agusta, a tsakiyar hutun, kuma wasannin yammacin Asabar da Lahadi sukan ratsa la'asar ko magariba. Kallon ƙwallo ba laifi ba ne, amma cacar da ta manne masa ta hanyar waya da shagunan yin fare musiba ce, domin an tsara ta ne ta yadda mai kamfani zai riƙa cin riba a kan jimillar masu zubawa, kuma saurayin da ya ci sau ɗaya yakan mayar da abin da ya ci har da jarinsa. Addini ya haramta caca a fili, kuma sauya mata suna bai sauya hukuncinta ba. A ɗaya gefen kuma, yaran da aka sake su ba mai lura suna tafiya wanka a kududdufai da ramukan da aka haƙi ƙasa, inda ake rasa rayuka duk damina, ake kuma kwasar tsargiya, cutar da take sa fitsarin jini.

Nauyi na farko yana kan iyaye. Ya kamata kowane gida ya tsara wa 'ya'yansa hutu tun kafin a rufe makaranta, a ware lokacin makarantar allo ko Islamiyya, da lokacin gona ko koyon sana'a wurin tela ko kafinta ko mai gyaran waya, da lokacin wasa na motsa jiki. A sa wa kallo iyaka sananniya, a karɓe wayoyi idan an yi isha'i, kuma fim ɗin da za a kalla a kalle shi tare, domin uwa ko uba su sami damar tambayar yaro abin da ya fahimta, su yaba halin kirki su kushe na banza. Uban da yake cin abinci ido yana kan waya ba zai iya hana ɗansa ba, don haka gyara daga manya zai fara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Masu shirya finafinai da mawaƙa da masu ɗora bidiyo su sani cewa ƙananan yara suna cikin masu kallonsu, kuma kalmar da jarumi ya furta da dare ita ake maimaitawa a layi da safe. Labari mai ma'ana yana iya tara jama'a ba tare da batsa ko nuna dukiyar da ba a san tushenta ba. Malamai kuma, tare da faɗar haram, su nuna wa matasa halal ɗin da zai maye gurbinta, ta hanyar shirya musabaƙar karatu da gasar kacici-kacici da ta rubutun gajeren labari a lokacin hutu. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana iya duba fim ɗin da aka shirya a cikin jiha, amma hannunta ba ya kaiwa ga abin da ake ɗorawa a intanet daga kowace kusurwa ta duniya, saboda haka hani shi kaɗai ba ya wadatarwa. Hukumomi su kare filayen wasa na unguwanni daga masu yanka su fuloti, su farfaɗo da ɗakunan karatu, su kuma yi koyi da Jamhuriyar Nijar, wadda tun 1975 take shirya gasar kokawa ta ƙasa, inda zakara yake karɓar takobi, jama'a kuma suke bin ta da ɗoki a rediyo da talabijin.

Masu unguwanni da dattawa da ƙungiyoyin matasa su ne za su haɗa waɗannan ƙoƙari wuri guda, su yi magana da masu gidajen kallo a kan dakatawa lokacin salla da hana ƙananan yara zaman dare, su kuma sa ido a kan kududdufan da ke yankinsu. Ɗa na kowa ne, kuma gidan da ya tsare 'ya'yansa shi kaɗai alhali unguwa ta saki nata, wahalarsa ba za ta yi nisa ba. Allah Ya shiryi zuri'a, Ya sanya albarka a cikin lokutansu na aiki da na hutu.