Sunan Gari a Kan Kwalin Alewa

Duk mai latsa waya a 'yan shekarun nan ya ci karo da koren abin nan: koren kek, koriyar alewa, koren shayi mai kumfa a kofin gilashi. Maca ake ce masa, garin ganyen shayi ne na ƙasar Japan. Ana yi wa bishiyoyin shayin rumfa na 'yan makonni kafin a tsinke ganyen, a turara shi, a busar, a cire jijiyoyin, sannan a niƙa a dutse. Dutse ɗaya kan yi awa guda bai ba da fiye da giram 40 ba. Wanda ya fi suna shi ne na Uji, kusa da birnin Kiyoto. Masu kayan zaƙi a can sun daɗe da gane cewa idan suka haɗa garin da wake ko madara ko shinkafar yankinsu, suka buga sunan yankin a kwali, baƙo zai biya abin da ya wuce kuɗin alewa.

Mu ma muna da namu koren garin. Zogale na nan a shingen gidaje, kuma tuni ake ƙulla garinsa a leda ana sayarwa. Ga gyaɗa, ga riɗi, ga aya, ga zuma da mazarƙwaila, ga shinkafar Kebbi da ake nakiya da ita. To a ce wani matashi a Jega ya buɗe ɗan kamfani, ya fito da alewar madara koriya shar, ya rubuta a kwali: "Alewar zogale ta Maiyama". Sukarin daga buhun kanti, madarar ta gari ce da aka shigo da ita ta jirgin ruwa, koren kuwa rabinsa kala ce. Zogalen dai gaskiya ne, cokali biyu a tukunya, daga wani gida a Sarandosa. Shin ya yi ƙarya?

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce e, tunda kayan ba na Maiyama ba ne. Amma wannan amsar ba ta da ƙafar tsayawa. Gyaɗar da muke ƙuli da ita da barkonon da ke cikin dakuwa asalinsu daga nahiyar Amurka suke, ba wanda ya taɓa cewa dakuwa baƙuwa ce. Shi kansa macan, wani malamin addinin Buda mai suna Eisai ne ake dangantawa da kawo al'adarsa Japan daga ƙasar Sin a 1191. Abin da ya fi ba ni mamaki ma, ƙa'idar da 'yan kasuwar Kiyoto suka yarda da ita ta halatta a kira shayi "na Uji" ko da an noma shi a jihohin Nara, Shiga ko Mie, muddin mutanen Kiyoto ne suka sarrafa shi a ƙasarsu bisa hanyar Uji. Su da suka fi kowa kishin sunan ba su iya ɗaure shi da ƙasar noma kaɗai ba. Idan za a bi kowace ƙwaya a tambayi asalinta, babu abincin da zai tsira da sunansa.

Saboda haka gara a kalli mai saye. Matar da ta tsaya a kanti a Abuja ta ɗauki kwalin nan, ta yarda ta biya ninki biyu, me ta saya da ninkin na biyu? Hoto ta saya: lambu a fadama, mata suna tsinkar ganye, kuɗinta yana komawa ƙauye. Mai kwalin bai faɗi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ya dai jera kalmomi yadda za ta faɗa wa kanta. Kowa ya san labarin da Muslim ya ruwaito, na mai sayar da tsaba da Manzon Allah (SAW) ya cusa hannu cikin tarin kayansa ya ji danshi a ƙasa. Mutumin bai buɗe baki ya ce wa kowa kayansa busasshe ne ba. Jera kayan kawai ya yi, busasshen a sama, kuma wannan jerin aka kira algus. A ganina kwalin alewa shi ne saman tarin.

Akwai wani haƙƙin da ya fi wannan ɓuya, shi ne na masu sunan. Ɗauki albasar Aliero. Ba wani kamfanin talla ya sa dillalai a kasuwannin kudu suke tambayar ta ba. Shekaru ne na ban ruwa da rani, na albasar da ta ruɓe a ma'aji, na motocin da suka kwana a hanya, har sunan ya zama abin da ake ƙara wa kuɗi. Mutane dubbai suka tara shi, yawancinsu suna kabari, kuma ba wanda ke da takardarsa. Wanda ya zo yau ya buga shi a kwali yana girbi ne a gonar gandu. Zai ce ai shi ma ɗan garin ne, kuma talla yake wa garin kyauta. Na yarda da rabin maganar. Ɗan gida yana da rabo a gandu, amma ɗan gidan da ke zuwa ranar girbi kawai an san sunan da ake kiransa. Tallar kuwa takobi ce mai kaifi biyu: in alewar ta fita da ɗanɗanon kala, sunan Maiyama ne zai yi ɗaci a bakin mutane, shi kuma ya canza kwali ya koma sunan Jega.

Maƙwabtanmu na Nijar sun kai wannan magana gaban hukuma, suka yi wa albasar Galmi da kilishinsu rajistar da ke ɗaure suna da wuri. Dabara ce mai kyau, ko da yake takarda ba ta bin mota zuwa kasuwa. Abin da matashin Jega zai iya yi tun yau bai kai wannan wahala ba: ya rubuta abin da ya fito daga ƙauyen da abin da ya fito daga kanti, ya sa zogalen ya zama shi ne koren, ya kuma bar wani abu daga ninkin nan na biyu ya isa hannun mai ganyen, maimakon ya taya shi a farashin damina lokacin da zogale ya yi arha.

Ko ya yi duk wannan, akwai abin da ba ya hannunsa. A ƙarshen 2024 buƙatar maca ta yi yawa a duniya har tsofaffin shagunan Kiyoto irin su Ippodo da Marukyu Koyamaen suka taƙaita abin da mutum ɗaya zai saya, farashin ganyen kuma ya yi tashin gwauron zabo a shekarar da ta biyo. Manomi ya ji daɗi. Masu shan shayin gargajiya a cikin ƙasar, waɗanda al'adarsu ce ta yi wa garin suna tun farko, suka riƙa tarar da kantoci wayam. Idan alewar zogale ta karɓu haka, mai shinge a Sarandosa zai samu kuɗin taki, wannan alheri ne. Amma ganyen da za a busar a niƙa shi ne dai wanda yarinyar nan ke dafawa ta kwaɗanta da ƙuli ta kai tasha, kuma shi ne abincin ranar ɗan dako da bai taɓa shiga kantin Abuja ba.