Idan Ɗanmu Ya Ce Zai Zama Gandiroba

Iyaye da yawa a Wulari burinsu ɗa ya zama likita ko injiniya. Ranar da ya ce zai karanta ilimin laifuka da gyaran halin fursunoni, wanda ake koyarwa a jami'ar karatu daga gida ta NOUN mai cibiya a nan Maiduguri, sai fuska ta canza. Wasu raina aikin suke yi. Na wasu kuwa ya fi raini zurfi, gama sun tuna Yulin 2009, lokacin da aka ƙone majami'ar EYN ta Wulari. Tambayarsu ita ce: don me ɗanmu zai ba da ƙuruciyarsa ga gyaran irin mutanen da suka yi mana wannan?

Tambayar tana da nauyi, amma bari mu fara duba waɗanda ke cikin kurkuku. Wajen kashi 2 cikin 3 na waɗanda ke tsare a gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke yi, alƙali bai same su da laifi ba tukuna. Akwai wanda zamansa na jira ya wuce hukuncin da za a yanke masa ko da an tabbatar da laifin. Yusufu ma ƙazafi ne ya kai shi kurkuku a Masar. Mai riƙe da mabuɗi yana tsaron mai laifi da marar laifi a ɗaki ɗaya, kuma halinsa ne ke nuna ko za a ci zalinsu.

A 2019 aka sa hannu a dokar da ta mai da hukumar gidajen yari hukumar gyaran hali. Dokar ta kawo hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar yi wa jama'a aiki da sasanta mai laifi da wanda ya cuta, har ta ba shugaban gida ikon ƙin karɓar sababbin fursunoni idan wuri ya cika. Sai dai sauya suna bai faɗaɗa ɗaki ba, bai ƙarfafa katanga ba. Mun gani a Satumbar 2024, da ambaliyar Alau ta rushe bangon gidan yarin Maiduguri, mutum fiye da 270 suka tsere. Doka tana bukatar ma'aikacin da ya san ta, wanda kuma ba ya sayar da abincin fursuna.

Wuri mafi wuya shi ne batun tubabbu. Tun 2021 dubbai suka fito daga daji suka miƙa wuya a Borno, gwauruwa kuma tana iya haɗuwa da wanda ya kashe mijinta a kasuwa. A ganina, gwamnati ba ta da ikon yafewa a madadinta. Gafara tata ce, tsakaninta da Allah, kada wani ya tilasta mata. Abin da ke wuyan hukuma shi ne ta bambanta yaron da aka sace aka ɗora masa bindiga da kwamandan da ya ba da umarni, ta hukunta wannan, ta gyara wancan. Wannan rarrabewa aikin bincike ne da sanin doka, kuma wani ne zai zauna ya yi ta. Idan 'ya'yanmu suka ƙaurace wa fannin, za a yi ta ba tare da mutumin da ya san kukan wannan gwauruwa ba.