Kututture Bai Mutu Ba

Karatu: Ayuba 14:7-9, Yohanna 15:1-8

 Ina so mu yi tunani a kan itatuwan gonakinmu, gama Allah ya sa wa'azi a cikinsu.

Kowane manomi ya sani itace ba ya girma haka kawai. Giginya tana son gefen fadama, inda ruwa ya ke kusa. Kuka tana jimrewa a tudu domin tana ajiye ruwa cikin jikinta. Gawo kuwa saiwarsa ta kan nutse ƙwarai, har ta iske laima a can ƙasa. Da damina ya kan zubar da ganye, gero ya sami rana, ganyen kuma ya zama taki. Da rani ya yi kore, dabbobi su ci 'ya'yansa. Amma ƙaramin itace yana da magabta: iskar hunturu, da gara, da awaki, da wutar daji, da gatarin mai gawayi. Dattawanmu suna tuna farin 1973 da na 1984, sa'anda itatuwa da yawa suka bushe, aka sare waɗanda suka ragu.

Ga abin da ya faru a ƙasar Maradi, cikin Nijar. Wani ma'aikacin mishan na S.I.M., Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya yi ta dashen itatuwa, yawancinsu suna mutuwa. Cikin 1983, wata rana ya tsaya a hanya domin ya rage iskar tayar motarsa saboda rairayi. Sai ya lura da wani ɗan tsiro, ya duba, ashe toho ne daga kututturen itacen da aka sare. Saiwar tana da rai a ƙasa, amma kowace shekara a kan sassabe tohon a ƙone. Daga nan manoma suka koyi zaɓen toho masu ƙarfi, kamar guda biyar ko ƙasa da haka, su yanke sauran, su tsare su daga dabba da wuta. Ana kiran wannan sassabin zamani. An ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 suka komo a gonakin Nijar ta wannan hanya.

Ayuba, cikin tsananin wahalarsa, ya lura itacen da aka sare ba ya rasa bege, gama kadan ya ji laima sai ya sake tohowa. 'Yan'uwa, akwai kututture cikin kowace ekklesiya. Wani an yi masa baftisma tun yana saurayi, yau ya bar zuwa sujada. Wata mutuwar ɗanta ta sare ta. Wani ya faɗi cikin zunubi, aka sa shi horo, ba wanda ya sake taka ƙofar gidansa. Mu kan ce sun mutu, mu tafi neman sabon dashe. Wa ya gaya mana saiwar ta mutu? Mutum yana ganin bisa, Allah yana ganin ƙarƙashin ƙasa.

Na ɗaya, mu nemi tohon. Kadan ɗan'uwa ya komo ya zauna a bencin baya, kada mu sassabe shi da harshe.

Na biyu, mu yi masa shinge. Dattawa su ziyarce shi, a yi addu'a tare, a karanta Maganar Allah, gama ita ce ruwan.

Na uku, mu yarda da wuƙar Mai-gona. Ubangijinmu Yesu ya koya mana Uba ya kan gyara reshe mai 'ya'ya domin ya ƙara. Yankan da zafi, amma zuciya mai toho goma ba ta yin itace.

Kada kuwa mu mai da wannan misali kaɗai. Allah ya sa Adamu cikin gona domin ya kiyaye ta. Bana, kafin ka sa wuta a sassabe, ka zaga gonarka ka ƙirga kututturen gawo da na sabara da na kalgo, ka bar musu toho. Sa'an nan ka ƙirga waɗanda suka ɓace daga ɗakin sujada, ka zaɓi mutum ɗaya, ka je wurinsa cikin makon nan.

Ubangiji ya ba mu ido mu ga rai inda muka fid da zuciya. Amin.