Ɗigon Haske da Mas'alar Wanzuwa

Masu haɗa zane mai motsi a kwamfuta suna da dabarar juya wata siffa ta koma wata, inda ake tarwatsa surar farko, a ce da'ira, ta zama dubban ɗigo kamar ƙurar da iska ta kwasa, sannan ɗigon su sake taruwa su fitar da tsuntsu. William Reeves na kamfanin Lucasfilm ne ya aza harsashin wannan tsari na ƙwayoyi, wanda aka gani a fim ɗin Star Trek II a 1982, kafin ya yi bayaninsa a rubuce a 1983. Ido yana ganin tafiya guda ba yankewa, alhali hotuna ne tsayayyu, galibi 24 a daƙiƙa, kowanne an zana shi sabo, kuma babu abin da ya haɗa ɗigon da ya bar bakin da'ira da wanda ya sauka a fiffiken tsuntsu sai lambar da manhaja ta ajiye masa.

Shin da'irar ce ta rikiɗa, ko kuwa ta gushe aka samar da wani abu a gurbinta? Irin wannan tambaya tsohuwa ce a ilimin tauhidi. Malaman tauhidi na mazhabar Ash'ari, musamman Baƙillani wanda ya rasu a 1013, sun tafi a kan cewa kowane jiki haɗuwa ce ta jauharai, wato ƙwayoyin da ba sa rabuwa, waɗanda ke ɗauke da aradi, ma'ana halaye masu bijirowa irin su launi da motsi, kuma aradi ba ya kai lokuta biyu, Allah ne ke sabunta shi. Daga nan saɓani ya taso game da tashin ƙiyama, wanda Malam Laƙani ya ambata a littafinsa Jauharatut Tauhid: ana maido da jiki ne bayan ya zama babu, ko kuwa ana tattara sassansa ne bayan sun watse?

Allon kwamfuta, abin mamaki, ya ɗauki ra'ayoyin biyu a lokaci guda, domin mai kallo tattarawa yake gani, na'ura kuwa shafewa take yi tana sake zanawa. Sai dai misalin yana da iyaka, kuma ba ƙarama ba: mai zanen bai samar da ɗigonsa daga babu ba, aron lantarki da lissafi ya yi, kuma idan lambobin suka cakuɗe a hannunsa, tsuntsun zai fito daidai ba tare da kowa ya gane cewa ɗigon kai ya koma wutsiya ba.