HUKUNCIN KOYA WA YARA KARATE: NASIHA GA IYAYE DA MASU HORARWA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ba mu lafiyar jiki Ya sanya ta amana a wuyanmu. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, iyaye da dama a ƙasar Magarya da ta Dungas suna tambaya game da wasan nan da ake kira karate, wanda samari ke tara yara suna koya musu da maraice. Wasu sun ce wasan kafirai ne, a hana. Wasu sun ce motsa jiki ne kawai, babu ruwan addini da shi. To, wajibi ne a san abu kafin a yanke masa hukunci, don haka za mu fara da bayanin asalinsa.

Karate ya samo asali ne a tsibirin Okinawa na ƙasar Japan, kuma ma'anar kalmar ita ce hannu wanda babu makami a cikinsa. Wani malami mai suna Gichin Funakoshi ne ya kai shi birnin Tokiyo a shekarar 1922, daga can ya watsu cikin duniya. Ana koyon naushi da shuri da kare kai, ɗalibi ya fara da farar ɗamara har ya kai ga baƙa bayan shekaru. Akwai ɗan'uwansa na ƙasar Koriya, watau taekwondo, wanda mutanenmu kan haɗa su duka su ce karate. A wannan ne ɗan ƙasarmu Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ciyo wa Nijar lambar azurfa a wasannin Olamfik na birnin Riyo a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a 2017. Kafin shi, lamba ɗaya tak ƙasarmu ta taɓa samu a Olamfik, ita ce tagullar da Issaka Dabore ya ciyo a damben zamani a 1972. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan yaranmu suka yi sha'awar wannan hanya.

Asalin motsa jiki da koyon kare kai halal ne a Shari'a, har ma abin so ne idan niyya ta yi kyau. Imamu Muslim ya ruwaito hadisin da ke fifita mumini mai ƙarfi a kan mumini mai rauni, tare da cewa akwai alheri ga kowanensu. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya yi kokowa da Rukana ya kayar da shi. Malaman tarihi sun kawo labarin yara biyu, Rafi'u ɗan Khadij da Samura ɗan Jundub (R.A.), ranar fita Uhudu a shekara ta 3 bayan Hijira. An karɓi Rafi'u saboda ya iya harbi, aka mai da Samura, sai ya ce ai shi yana kayar da Rafi'u. Aka sa su kokowa, ya kayar da shi, aka karɓe shi. A mazhabarmu ta Imamu Malik kuma, Shehu Halil a babin tsere na Muhtasar ya keɓe sanya lada ga tseren dawaki da raƙuma da harbi, ya halatta sauran ba tare da kuɗi ba, masu sharhi suka ambaci kokowa a cikinsu. Ke nan abin dubawa shi ne abin da aka cuɗanya da wasan, kuma a nan muke da sharuɗɗa guda shida.

Na farko, tauhidi. Al'adar masu karate ce su rusuna wa malami da abokin karawa, a wasu wurare har su durƙusa su kai goshi kusa da ƙasa a gaban hoton wanda ya kafa makarantar. Sujada ga wanin Allah babu saɓani a kan haramcinta. Rusunawa kuwa, Tirmizi ya ruwaito daga Anas (R.A.) cewa an tambayi Manzon Allah (S.A.W.) ko mutum zai rusuna wa ɗan'uwansa idan sun haɗu, ya hana, ya yarda da musafaha. To, a musanya rusunawa da sallama da musafaha, a cire hoto daga gaban yara. Haka nan kada a shigo da guraye da kambuna da shiga wurin bokaye, irin abin da muke gani a filin kokowa da dambe. Tun da aka fara kokowar takobi ta ƙasa a Tawa a 1975, jama'a ke ƙaunarta, amma kowa ya san abin da ake ratayawa a jiki kafin a shiga fili. A nan tufafin karate sun fi, domin suna rufe tsakanin cibiya da gwiwa har da ƙari.

Na biyu, salla da karatu. Lokacin horon yakan faɗa tsakanin La'asar da Magariba, wanda shi ne lokacin makarantar allo da Islamiyya a garuruwa da yawa. Wanda ya bar yaro yana shuri a fili alhali ladan yana kira, ya koya masa cewa salla tana iya jira. Muna ba da shawara a sa horon ranar Alhamis, da allo yake hutawa, a tashi kafin faɗuwar rana. Da damina kuma, lokacin noman gero da wake da gyaɗa, taimakon iyaye a gona shi ne gaba.

Na uku, kiyaye jiki. Buhari da Muslim sun ruwaito hanin dukan fuska. Dokokin gasar karate su kansu suna hukunta wanda ya kai duka ba tare da ya riƙe hannunsa ba, musamman a tsakanin yara. Malamin da ke haɗa ƙaramin yaro da babba, ko ya sa su fasa tubali da hannu domin burge ƴan kallo, ko ya yi musu horo cikin zafin bazara ba ruwan sha, zai amsa tambaya gaban Allah a kan kowane ƙashi da ya karye.

Na huɗu, halin mai koyarwa. Baƙar ɗamara ba shaidar amana ba ce. Uban da ba zai ba baƙo jiran akuyarsa ba, yaya zai miƙa masa ɗansa bai bincika ba? A san sallarsa da abokan zamansa, a tabbata ba ya shan taramol ko wani abin maye. A yi horon a fili inda kowa ke gani, kada a yarda da keɓewa da yaro a ɗaki, kuma iyaye su riƙa zuwa ba tare da sanarwa ba.

Na biyar, ƴan mata. Su ma suna da haƙƙin lafiyar jiki, domin Manzon Allah (S.A.W.) ya yi tsere da Nana A'isha (R.A.), kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito. Sharaɗin shi ne mace ta koya musu, cikin sutura, a wuri mai shinge, babu cuɗanya da samari.

Na shida, kuma shi ne mafi nauyi, mallakar zuciya. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa ƙarfi na gaskiya yana ga wanda ya riƙe kansa lokacin fushi, ya fi wanda ke kayar da maza. Mun ji labarin ƙungiyoyin samari na birnin Damagaram da ake kira pale, masu ɗaga ƙarfe, da irin tashin hankalin da wasunsu suka jawo wa unguwanni, har Aicha Macky ta yi fim a kansu a 2021. Ƙarfin da ba tarbiyya a tare da shi, a kan maƙwabci yake ƙarewa. Alamar da uba zai duba tana cikin gidansa: idan bayan wata uku yaro ya ƙara ladabi ga mahaifiyarsa, ya daina cin zalin ƙannensa, to ya ci gaba. Idan kuwa ya fara gwada shuri a kan almajirai da ƴan talla, a cire shi tun icce yana ɗanye.

Muna kira ga limamai da kwamitocin masallatai, daga Bande da Waca da Sasumburum har Dogo-Dogo da Malawa, duk inda aka buɗe irin wannan horo su kira mai koyarwa su zauna da shi cikin mutunci, su karanta masa waɗannan sharuɗɗa. Wanda ya karɓa, a taimake shi da fili da addu'a, domin yaron da ke hannun malami nagari ya fi wanda ke zaune a bakin tasha. Wanda ya ƙi, iyaye su janye ƴaƴansu ba tare da zagi ko tashin hankali ba.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya ba su ƙarfin jiki da ƙarfin imani, Ya sanya ƙarfinsu ya zama garkuwa ga raunana, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.